Haruffan Leda Ba Su Da Ƙugiya

Sati shida ke nan Ƙugiya yana buɗe shago da safe, ya share, ya jera burushi manya da ƙanana a kan tebur, ya zauna yana kallon titi har yamma. Gwangwanayen fenti duk sun yi fata a sama. In zaman ya ishe shi sai ya ɗauki tsinke ya yaye fatar, ya motsa fentin, ya mayar da murfi, don kada ya koma gida ya ce bai yi komai ba.

Shekara ashirin da bakwai yana rubuta allunan shaguna. Babu layin da za ka bi a unguwar ba ka ga hannunsa ba, ko a saman ƙofar mai aski, ko a bangon kantin magani, ko a jikin motar ɗaukar ɗalibai. Sunan ma a wurin aikin ya same shi. In rubutu ya kawo shi kan ƙa ko ɗa ko ɓa, yakan ɗauke numfashi ya murza burushi sau ɗaya tak, sai ka ga ƙugiyar harafin ta zauna daram, ba ta yi tsawo ba, ba ta dunƙule ba. Abokan sana'a suka laƙaba masa, sunan ya bi shi har gida, don matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Wanda ya jawo masa wannan zaman kashe wandon kuwa Dila ne, mai babban kantin bakin hanya inda duk masu rubutun allo ke sayen fenti da falanki da sitika. Ban san wanda ya fara kiran mai sarin kaya dila ba, ko ya tuna da na dajin ko bai tuna ba, amma dai sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Shekara da shekaru da masu rubutun allo yake cin abinci. Rana ɗaya sai ga shi da sabon kaya: haruffa yankakku a cikin leda, da gam a bayansu, haɗe da farin allo na roba. Mai shago ya saya, ya je gida ya ɗaye ya manna, an gama. Abin takaicin, ƙyallen tallan da aka rataya a gaban kantin, mai cewa RUBUTA ALLONKA DA KANKA, Ƙugiya ne ya rubuta shi da hannunsa, har da yi masa inuwa da jan fenti. A lokacin bai kawo komai a ransa ba. Shi ne kuma aiki na ƙarshe da ya shigo masa.

Shagon nasa ɗakin gaba ne a gidan gado, kuma da aka yi rabo a kason wansa, Yaya, ya faɗo. Yaya bai taɓa yi masa maganar ɗakin ba sai ranar wata Litinin, da ya shigo ya ja benci ya zauna, yana ta kallon gwangwanaye kamar mai neman wanda zai fara yi wa magana.

"Ka san matata ta samu injin niƙa," in ji Yaya. "Yana can tsakar gida a rufe da buhu, kaji na kwana a kansa."

"Na gani, Yaya."

"Ba korarka nake yi ba, ka fahimce ni. Ɗakin nan shi kaɗai ne mai kallon titi. In na ga aiki yana shigowa, ni da bakina zan ce mata ta haƙura. Amma in watan nan ya ƙare kana zaune kana kaɗa ƙuda, ban san abin da zan gaya mata ba."

"Yaya, a ɗakin nan fa Baba ya sa ni na fara riƙe burushi."

"Na sani, ina wurin. Amma ɗaki Baba ya bar mana, bai bar mana gidan tarihi ba."

Tsoro ne ya kama Ƙugiya, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman tsani mai hawa ashirin. Mai rubutun allo in ba shi da ƙofar da za a same shi, to ba shi da sana'a, sai dai a ce wani mutum ne mai yawo da burushi a aljihu.

Kwana biyu bayan haka masu rubutun allo suka taru a shagon Tsoho, wanda rabinsu a hannunsa suka koyi aiki. Su bakwai ne, kowa ya zo da tsabtatattun kaya, abin da ba a saba gani ba. Mai sana'ar fenti in ka gan shi fes da rana tsaka, ba sai ka tambaye shi labarin kasuwa ba.

Dogo ne ya fara magana, shi da ya sayi na'urar yankan sitika bara yana ganin ya wuce sa'a. Ya ce a daina sayen kaya wurin Dila. Aka tambaye shi yaushe rabon da wani a cikinsu ya sayi ko gwangwani ɗaya. Wani ya ce a je a roƙe shi, wani ya ce a je a zage shi, aka rasa wanda zai shige gaba a duka biyun.

Tsoho ya bar su suka gama, sannan ya ce, "Cikinku wa ya bi ta layin mai ɗori kwanan nan?"

Dogo ya fashe da dariya tun kafin a ƙarasa. Mai ɗori ya sayi haruffan leda ya manna da kansa, ga shi nan ɓaro-ɓaro a saman ƙofarsa: ANA DORIN KASHI. Wani ya ce ai na mai masauki ya fi, shi MARABA DA BAKI ya rubuta, sai ka ce mai cire haƙori. Aka yi ta kawowa ana dariya, dariyar da ta fi ƙarfin abin, har Ƙugiya ya ji hawaye a idonsa bai san na mene ne ba.

"To kun gani," in ji Tsoho. "Masu yanka haruffan nan ba su san ƙa ba, ba su san ɗa ba, ba su san ɓa ba. A ledarsu babu ƙugiya ko ɗaya. Ita kaɗai ta rage mana. Za su zo muku, wallahi za su zo, su ce ɗan ƙara mini a nan, ɗan lanƙwasa mini can. Kada wanda ya taɓa. Wanda kunya ta ishe shi ya kawo a yi masa sabon allo tun daga farko. Mun yarda?"

Kowa ya ce ya yarda. Tsoho ya dubi Ƙugiya musamman, ya ce, "Wurinka za su fi zuwa."

"Hannuna ba zai taɓa harafin leda ba, Baba."

Maganar Tsoho ba ta kwana biyu ba sai ga mai ɗori da kansa, da allonsa a hammata an juya rubutun ciki. Shi ne mutum na farko da ya tako shagon da aiki tun sati shida. Yaya yana zaune a ƙofar gida yana gyaran rediyo, ya ɗago kai.

"Maigida, ɗan taimako za ka yi mini," in ji mai ɗori. "Wuri biyu kacal. Nan da nan. Yaran layi sun hana ni sakat, in na fito sai su toshe hanci."

Ƙugiya ya dubi allon. Yatsunsa har sun fara neman ƙaramin burushi. Aikin da bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba.

"Wannan ba ya gyaruwa," ya ce. "Fenti ba ya zama a kan sitika. Ka bari in yi maka sabo, mai kyau, wanda jikokinka za su gada."

"Sabo kuma? Ga allo lafiyayye?"

"Sabo."

Mai ɗori ya mayar da allonsa hammata. "To bar shi. Dama matata ce ta matsa. Wanda ya karye ai ba ya tsayawa duba rubutu, ɗauko shi ake yi."

Yana fita Yaya ya ajiye rediyon ya leƙo. "Aiki ya zo da ƙafarsa ka kore shi."

"Akwai dalili, Yaya. Mun yi magana da 'yan'uwa."

"Su 'yan'uwan naka, akwai wanda zai ba ka ɗaki a cikinsu?"

Da rana ya shiga ciki cin abinci. Matarsa, Maman Biyu, tana yi wa wata maƙwabciya kitso a bakin ƙofar ɗaki, wanda a 'yan kwanakin nan shi ke riƙe da gidan. Sai da matar ta tafi ta zo ta zauna kusa da shi tana goge man kitso a hannunta.

"Jiya yaran nan suka tambaye ni wai ko ka canza aiki."

"Me suka gani?"

"Ba gani suka yi ba. Cewa suka yi ka daina warin fenti." Ta yi ɗan murmushi, murmushin bai je ko'ina ba. "Shekara nawa ina mita a kan warin nan, yanzu ga shi ina nemansa. Baban Biyu, in Yaya ya karɓi ɗakin, ina za ka kai kayan? Nan ciki ko tabarma ta biyu ba ta shimfiɗuwa."

Ya ture kwanon.

Saura kwana tara wata ya ƙare Dila ya kira shi a waya, ya ce ya leƙo kanti in ya samu sarari. Sarari kuwa ai shi ne abin da Ƙugiya ya fi kowa. Ya tafi yana gaya wa kansa cewa zuwa jin magana ba cin amana ba ne.

Kantin ya canza. Inda da ake jera gwangwanaye yanzu ƙusoshi ne a bango, kowace ƙusa da ledojin harafi ɗaya, baƙaƙe da jajaye da masu ruwan zinariya. Fentin an tura shi can lungu. Dila ya taso da fara'a, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya sa aka kawo masa kujera da ruwan sanyi.

"Malam Ƙugiya, kun yi fushi da ni."

"Mu ina muka isa."

"A'a, kun yi, kuma ban ga laifinku ba. Amma ka duba, in ban kawo kayan nan ba wani zai kawo. Ni ban ƙirƙiro su ba." Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya shimfiɗa. "Ga abin da ya sa na kira ka. Makarantu da ofisoshi sun ƙi saye, wai rubutun ba daidai ba ne. Na aika wa masu yankawa bayani, dubi abin da suka turo mini."

Ƙugiya ya duba, bai san lokacin da tsaki ya ƙwace masa ba. An ɗauki harafin ka an ɗora mata wani abu a ka kamar hular da iska ta karkatar. Ɗa ɗin kuwa ƙugiyarta baya take kallo.

"Ka gani ko? Ni ma da ban iya ba na san wannan ba ta yi ba. So nake ka zana mini su a babban kwali, manya da ƙanana, yadda kake yinsu. Su can sai su kwafa."

"Ka san abin da kake tambayata kuwa?"

"Na sani. Ka saurari nawa. Mutanen nan da yawa ba su iya mannawa ba, layi ya karkace, harafi ya hau kan harafi. Daga ranar da kayan suka iso, duk wanda ya kasa mannawa shagonka zan tura shi. Kai kaɗai. Ƙofarka ba za ta rabu da mutane ba."

Ƙofa da mutane. Da Dila ya san abin da Yaya ya ce, da ba zai zaɓi kalmomin da suka fi waɗannan ba. Wataƙila ma ya sani, unguwa ba ta da sirri.

A hanyar komawa ne dabara ta zo masa, har ya tsaya cak a gefen titi wani mai keke ya kusa ture shi. Sitika yana da hali guda wanda duk mai sana'ar ya sani: in wuri ya yi siriri, gam ɗin da ke bayansa ba ya da yawa, rana na dukansa wata ɗaya zai naɗe ya faɗi. In ya zana ƙugiyar da siririn wuya, za ta fito da kyau a ido, Dila ya karɓa da murna, a yanka dubbai. Kafin wata biyu duk ƙugiyoyin gari sun zube. Shi ya samu mutane a ƙofa, Yaya ya gani, 'yan'uwa kuma ba a raba su da abin da ya rage musu ba. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Har ya gaisa da mutane a hanya.

Washegari ya share tebur ya shimfiɗa kwali. Ya ce bari ya fara zana ta gaskiyar tukuna, don ya san daidai inda zai rage. Ya ja layuka da fensir, ya buɗe baƙin fenti, warin ya cika ɗakin. Wannan ne karo na farko cikin sati bakwai da ya tsoma burushi don aiki. Ya manta da Dila, ya manta da Yaya. Ya ba wuyan ƙugiyar kauri daidai da ƙafar harafin, ya zagaye bakinta don kada ta samu tsinin da zai fara ɗagowa. Bai taɓa yin ƙa mai kyan wannan ba, shi ma ya sani.

Sannan ya ɗauki kwali na biyu ya yi ta ƙaryar. Ita ma ta yi kyau, irin kyan abin da ba zai yi ƙarko ba, doguwa siririya mai yanga.

Maman Biyu ta leƙo da tsakar rana, ta shaƙi iska, ta ce, "Yau dai maigidana ya dawo." Bai iya haɗa ido da ita ba.

Da za shi kanti ya naɗe siririyar. Ya tsaya yana kallon ɗayar a kan tebur. Ya ce in ya bar ta a nan wani cikin 'yan'uwa zai iya shigowa ya gani, gara ya tafi da ita ya yaga a hanya. Ya naɗe su tare. A hanya ya wuce kwandon shara uku.

Dila ya warware naɗin a kan tebur, kwalaye biyu suka bayyana. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dafa siririyar.

"Wannan. Kai, wannan ta yi. Dubi yadda ta tafi." Ya ɗaga ta sama yana juyawa a haske, sannan ya yi tambayar da kowane mai ba da aiki yake yi, ba tare da ya ma dubi Ƙugiya ba. "Za ta daɗe dai ko?"

Shekara ashirin da bakwai ana yi masa wannan tambayar, a bakin shaguna, a gindin tsani, a cikin rana. Bai taɓa tunani kafin ya amsa ba, kuma bai taɓa amsawa da ƙarya ba, shi ya sa ake dawowa wurinsa. Duk dabarar da ya kwana biyu yana shiryawa a cikin kansa take, ba ta sauko bakinsa ba.

"Wannan kam, rana za ta ɗaye ta," ya ji kansa yana cewa. "Wuyan ya yi siriri. Ɗayar ce mai ƙarko."

Dila ya sauke kwalin a hankali. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, kuma Ƙugiya ya ga lokacin da mutumin ya gane komai. Dila ya naɗe mai kaurin ya sa a aljihun tebur ya murɗa makulli, ya miƙo masa siririyar.

"Shi ya sa na ce sai kai," in ji shi.

Ƙugiya ya fito rana na dukansa. Ya so ya koma ya ce kuskure ya yi, amma wane irin kuskure zai ce? Abin da ya rage masa kawai alkawarin Dila, sai ya rungume shi da hannu biyu. Ya je ya gaya wa Yaya cewa aiki na nan tafe, mai yawa, kaya kawai ake jira. Yaya ya dube shi a karkace, ya ce ya ƙara masa wata ɗaya, duk da ya san zai sha mita wurin matarsa.

Kayan suka iso cikin sati na uku. Ƙugiya ya sayo sabuwar rula, ya gyara tsani, ya fito da benci waje don masu jira. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar. Mutane na wucewa da farin allo a hammata, ba wanda ya ko waiwayo. Rana ta shida ya kasa daurewa ya tafi kantin.

Daga bakin ƙofa ya ga abin da ke faruwa. Sabbin kayan sun zo da wata doguwar takarda mai layi-layi. Mai saye ya faɗi abin da yake so a rubuta, a jera masa haruffan a kan takardar nan take, kowanne a gidansa. In ya je sai ya ɗora takardar a kan allo, ya shafa da tafin hannu, ya yaye. Ko makaho ba zai karkace ba.

"Ba ka turo mini kowa ba," ya ce wa Dila. Muryarsa ta fito ƙarama, shi kansa ya ji kunyarta.

"Malam Ƙugiya, me na ce maka? Na ce duk wanda ya kasa." Dila ya buɗe hannuwa. "Wallahi ba wanda ya kasa. Ni ma ban san za su haɗo da takardar nan ba. In an samu ko mutum ɗaya, kai ne."

Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ni ban sani ba, kuma ba abin da sanin zai ƙara.

A hanyar dawowa ya yi kiciɓis da Tsoho a gaban wata makarantar yara. Tsohon na tsaye da sandarsa, ya ɗaga kai yana kallon sabon allon da aka kafa a ƙofa. Ƙugiya ya so ya sauya hanya, amma an riga an gan shi. Ya matso ya rusuna ya gaishe shi.

Tsoho bai amsa gaisuwar ba. Ya nuna allon da sanda. "Ƙa ɗin nan, ko a duhu na shafa ta na san mai ita. Ni na koya maka zagaye bakin nan."

"Baba, ɗakin ne. Yaya ya ce..."

"Ban tambaye ka dalili ba, kowa na da shi. Dogo ya sayar da na'urarsa jiya, shi ma da nasa dalilin." Ya sauke sandar. Idanunsa sun yi ja, amma babu faɗa a muryarsa, abin da ya fi faɗan ciwo. "Abu ɗaya nake so in sani. Tunda za ka ba su, me ya sa ka yi mata kyau haka? Kai da ka san inda sitika ke mutuwa."

Tsoho ya jira kaɗan, ya gyaɗa kai, ya juya ya tafi yana dogara sanda.

Ranar da wata ya cika Ƙugiya bai jira Yaya ya yi magana ba. Tun da safe ya fara kwashe kaya. Gwangwanayen da suka bushe ya zubar, masu sauran rai ya jera a kwali. Tebur aka kai bayan gida aka kifa. Inda teburin ya tsaya shekara da shekaru ya bar tabon ƙafafu huɗu a siminti, kewaye da ɗigon fenti kala-kala. Kafin azahar maza huɗu sun turo injin a kan katako sun zaunar da shi a tsakiyar ɗakin.

Matar Yaya tana ta kai da kawo, tana nuna inda za a ajiye bokitai. Mace ce mai son wasa, kuma tsakaninta da ƙanen mijinta dama ba a rabuwa da tsokana. Yau dai ta rage, tana satar kallonsa. Da ya ɗauki akwatin burushinsa zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi saman ƙofar inda ya cire nasa allon.

"Matar Yaya," ya ce, "bari in rubuta miki allo. Kyauta. Ina da sauran falanki mai kyau, kafin la'asar na gama."

Ya ji yadda maganar ta fito, roƙo ne tsagwaronsa. Ba don ita yake so ba. So yake ya hau tsani a ƙofar nan sau ɗaya, ya bar wani abu nasa a kai.

"Ayya, ɗan ƙanena, da ka faɗa tun jiya." Ta ɗan daburce, ta shiga ciki ta fito da farin allo da doguwar takarda. "Na riga na sayo. Na ce kada in ɗora maka wahala kana cikin wannan hali."

Ta ɗora allon a kan benci, ta shimfiɗa takardar, ta shafa da tafin hannu sau uku, ta yaye. ANA NIƘA. Ɗaya daga cikin masu turo injin ya hau kujera ya rataya shi a ƙusar da Ƙugiya ya kafa da hannunsa.

Matar Yaya ta ce, "Duba mini, kai ne masani. Ya miƙe?"

Ya ajiye akwatin ya tsallaka titi, kamar yadda yake yi duk lokacin da ya gama aiki, ya juyo ya ƙanƙance ido. Ya nemi aibu. Ya nema a tazarar haruffa, ya nema a layin ƙasa, ya nema da duk abin da ya sani, yana roƙon Allah a ransa ya samu ko na ƙwayar gero, wanda zai ce a kawo tsani a gyara. Babu.

Ya dawo. "Ya miƙe."

"Ai na gaya wa Yayanka." Ta saki jiki, tsokanar ta dawo mata da ta ga kamar bai ji haushi ba. "Mai kantin ya ce daga waje aka zano musu sababbin nan, wani gwani ne can. Kayan waje daban ne, ka yarda kawai. Dubi ƙa ɗin nan don Allah. Kai kanka da ake ce wa Ƙugiya, kafin ka yi irinta sai ka yi da gaske."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙa ɗin, baƙa, mai kaurin wuya, bakinta a zagaye. A cikin ɗakin wani ya ja igiyar injin, ya yi tari sau biyu ya kama, ƙarar ta cika layin. Matar Yaya ta matso da kunne don ta ji abin da zai ce.

"Sai na yi da gaske," in ji shi, ya sunkuya ya ɗauki akwatinsa.